Wa Ya Ƙera Durdana?

A ƙauyen Haji Ishaq, can inda hayaƙin Karachi ke ƙarewa laka da ƙarnin kifi su karɓa, babu wanda bai san rumfar Ustad Sumar, gwanin ƙera jirgin ruwa, ba. Rumfa ce ta tsohon tamfol da tabarmi a bakin ruwa, kullum da gangar jirgi a ƙarƙashinta, haƙarƙari a waje kamar saniyar da aka feɗe. A nan ya koyi sassaƙa a hannun kawunsa, a nan furfura ta same shi. Da itacen bagaruwa yake yin haƙarƙarin jirgi, ya jera katako a kai, ya cusa auduga a tsakani, ya shafe da man kifi. Bai taɓa rubuta sunansa a jikin jirgi ba. Ba a bukata. Ko daga nesa aka hango goshin jirgi siriri, ya ɗan ɗaga kamar mai jin kai, an san daga rumfarsa ya fito.

Hannunsa dai kowa ya yarda da shi. Shi ne bai yarda da kowa ba. In mai katako ya cika fara'a wajen gaisuwa, sai Sumar ya sa a juya masa gungumen ya duba ƙasansa. In mai shayi ya kawo masa kofi da wuri, sai ya tambaya na wa ne aka fasa sha. In ka yabi aikinsa, ba zai ce na gode ba, sai ya bi hannunka da kallo. Mutum ɗaya ne ke iya yi masa dariya a gabansa, wato Bachal, matuƙin jirgi, abokinsa tun suna wasa tsirara a cikin laka. Shi ya laƙaba masa suna Ƙaguwa, wai don tafiyarsa a karkace take, idanunsa kuma a tsaye. Jirgin Bachal, Durdana, Sumar ne ya ƙera shi, kuma ko shi ya san bai taɓa yin wanda ya kai shi ba.

Kowace shekara in damina ta ja baya, kafin a koma kamun jatan lande, sai mun yi tsere. Ana sauke injuna, a ɗaura ƙyalle, iska kaɗai ke tura jirgi, daga tasha zuwa tutar da aka kafa a bakin tsibirin laka, a kewaya a dawo. Da can in an gama, sai a yi shelar sunan jirgi da na matuƙinsa, a ci shinkafa da kifi, kowa ya kama gabansa. Masta Ayub, malamin firamare kuma sakataren kwamitin tsere, shi ke aika labarin ga wata jarida ta harshen Sindhi a birni.

Wata shekara Masta Ayub ya samu mutane a shagon shayi ya ce musu bana akwai ƙari. Bayan sunan jirgi da na matuƙi, za a riƙa faɗin sunan wanda ya ƙera, a lasifika da kuma a jarida.

"To, Ƙaguwa, ka zama ɗan jarida," in ji Bachal. "Sai ka je a rage maka gemu, kada a ɗauki hoto a ce akuya ce ta yi jirgin."

Aka kwashe da dariya. Sumar bai yi ba. Ya ajiye kofinsa ya dubi malamin.

"Masta, wa ya kawo shawarar?"

"Kwamiti mana."

"Kwamiti ba shi da baki. Daga bakin wa ta fito?"

Masta Ayub ya gyara tabarau. "To, Seth Allahdino ne ya fara ambatawa. Amma ai alheri ne, Ustad. Talla ce kyauta. Mutanen nesa za su san ku."

"Wa ya saya muku sabuwar lasifikar?"

"Seth ne."

"Kofin da za a ba zakara fa?"

"Haba Ustad!"

"Na ji amsata," in ji Sumar, ya tashi ya bar shayinsa rabi.

Seth Allahdino shi ne mai gidan ƙanƙara da motocin kifi. A bara ya gina wani dogon shago na kwano a bayan tasha, inda ake zuba jiragen faiba, wato na roba mai tauri, a mazubi kamar yadda ake buga bulo. Jiragen ba su da nauyi, ba sa ruɓewa da wuri, amma ba su da kyan tafiya. Masunta suna cewa kamar bahon wanka suke a kan ruwa.

A wannan shekara Durdana ya zo na ɗaya, jiragen faiba suna can baya. Lasifika ta kwarara: Durdana, matuƙi Bachal, ƙirar Ustad Sumar! Haka kuma jarida ta buga. Matarsa Hurbai ta sa aka yanko mata wurin ta liƙa a bango kusa da madubi. Kafin sanyi ya shigo, baƙi suka fara sallama a rumfa, wasu daga Keti Bandar, wasu Balochawa tun daga Gwadar, kowa na son irin Durdana.

"Baban Zulekha, ka gani ko?" in ji Hurbai tana gasa masa gurasar shinkafa. "Kai da ka ce makirci ne. In wannan ne makirci, Allah ya ƙaro mana."

"Kifi ma yana murna da tsutsa," ya ce, "kafin ya ji ƙugiya."

"Kai dai ko Aljanna aka sa ka sai ka leƙa ƙarƙashin gado."

Aiki ya yi masa yawa, amma hankalinsa bai kwanta ba. Wani baƙo ya fito da waya zai ɗauki hoton gangar da ke rumfa, Sumar ya biyo shi da gizago har bakin titi. Daga baya aka ce mutumin ɗan kasuwa ne da ya zo da niyyar sa a yi masa jirage biyu. Sumar ya ce ai haka za su ce.

Shekara ta kewayo. Durdana ya tsufa, ya fara shan ruwa ta ƙasa. A lokacin an fara yayin kai tsohon jirgin katako shagon Seth a lulluɓe shi da fatar faiba don ya daina yoyo. Wata safiya Sumar ya fito ya ga wurin da Durdana ke kwana babu komai. Ya sami Bachal yana ɗinkin koma.

"Ina jirgin?"

"Na kai a sa masa riga."

"Wajen wa?"

"Wajen wa kuwa? Mutum nawa ke yi a garin nan?"

"Me ya hana ka kawo mini in canza katakon?"

"Na zo sau nawa? Kullum ka ce sai ka gama da Balochawanka. In zauna yara su ci iska?"

Wannan gaskiya ce, Sumar ya sani. Amma aikin da ake yi a 'yan kwanaki, sai Durdana ya kwashe makonni a shagon nan, ƙofa a rufe. Sumar ya riƙa wucewa ta wajen kamar mai zuwa masallaci, alhali masallaci ba ta nan yake ba. Ba abin da yake ji sai warin danƙo da ƙarar injin goge.

Ranar tsere Durdana ya fito fes, shuɗi da fari yana ƙyalli, ya kuma cinye. Lasifika ta yi ta ƙara, hayaniya ta hana a ji abin da aka ce. Sai da jarida ta iso Sumar ya bi layin da yatsa a hankali, don karatunsa ba mai sauri ba ne. Na ɗaya Durdana, matuƙi Bachal, ƙirar kamfanin Seth Allahdino. Ya ci gaba da bi har ƙasa. Sunansa na nan, sau ɗaya, a gefen wani tsohon jirgi da sandar ƙyallensa ta karye ya zo na ƙarshe.

Ya sami Masta Ayub a ƙofar makaranta.

"Masta, wa ya ƙera Durdana?"

"Ustad, wallahi ni ma na ga abin. Kowane matuƙi ne ke faɗin maƙerin jirginsa in ya zo sa suna. Bachal bai zo da kansa ba, akawun Seth ne ya kawo sunayen duk jiragen da suka fito daga shagonsu."

"Kai baƙo ne a garin nan? Ba ka ci alewar halwa ba ranar da aka sa Durdana a ruwa?"

"Na ci. Jirage ne da yawa, na kwafe ban lura ba."

"Ba ka lura ba. Rufin ajin can sabo ne ko?"

Masta Ayub ya yi ja har kunne. Rufin sabo ne, kuma Seth ne ya yi shi sadaka, kowa ya sani. Ko akwai alaƙa tsakanin rufin da layin jarida, wannan Allah kaɗai ya sani.

Bachal kuwa dariya ya fara yi. "Ƙaguwa, ni da ban san alif ba, ina ruwana da jarida? Ka tambayi kowane kifi a tekun nan, zai gaya maka jirginka ne."

"Me Seth ya karɓa a hannunka na rigar?"

Dariyar ta ɗauke. "Ya ce in bar shi. Ya ce zakara ba ya biya."

"Haka kawai."

"Haka kawai mana! Kowa irinka ne?"

Maganar ta kai gaban kwamiti, aka zauna a barandar masallaci bayan la'asar. Aka yi ta ja. Wasu suka ce wanda ya kafa ƙashin baya ya jera haƙarƙari shi ne maƙeri. Wasu suka ce jirgin da ke nitsewa ba ya cin tsere, wanda ya hana shi shan ruwa ma yana da haƙƙi. Wani tsoho ya ce to shi ma a sa sunansa, shi ya ɗinka ƙyallen. Seth bai zo ba, ya aiko a ce kuskuren akawu ne, yana ba Ustad haƙuri, duk abin da aka yanke ya yarda. Aka yanke a riƙa rubuta sunaye biyu a irin wannan jirgi. Sumar ya tambaya na wa zai zo a gaba. Aka ce nasa. Ya ce saurin yardar nan ma abin dubawa ne.

Da abin ya tsaya nan, da an manta. Amma kafin watan azumi sababbin jirage suka fara fitowa daga shagon Seth, kuma ba irin bahon da aka saba ba ne. Goshinsu siriri, ya ɗan ɗaga. Cikinsu da ƙugunsu, komai na Durdana ne. Ba sai an kira Sumar ya duba ba, mata masu shanya kifi ma sun gane. Kowa ya san yadda ake yi: a kifar da jirgi, a shafe shi da kaki, a zuba faiba a kansa, in ta bushe a ɗaga, an sami mazubi. Amma ba wanda ya ce ya gani da idonsa. Ma'aikatan shagon baƙi ne daga Punjab, ba sa hira da kowa.

Bachal ya zo rumfa da kansa, babu dariya a fuskarsa. Ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa, bai san an yi ba.

"Makonni jirginka yana ɗaki a rufe," in ji Sumar, bai ɗago daga katakon da yake ferewa ba. "Ba ka taɓa leƙawa ba?"

"Sun ce danƙon bai bushe ba."

"Kai kuma ka yarda."

"Na yarda! Laifi ne mutum ya yarda? Sumar, dube ni. Tare aka yi mana kaciya."

"Na sani. Shi ya sa suka zo ta wajenka."

Bachal ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya tofar da jan yawun ganyen pan da yake taunawa a ƙasa ya juya. Daga ranar suka daina zama benci ɗaya a shagon shayi. In sun haɗu a sahu sai sallama kawai.

Shi Seth da ƙafarsa ya zo, cikin fararen kaya, ya zauna a kan gungume ba tare da ya kakkaɓe ba. Mutum ne mai sanyin murya. Ya ce jiragen gaɓar nan duk kama suke da juna tun zamanin kakanni, shi bai saci komai ba. Amma yana da shawara. Katako yana tsada, zamani ya juya. Ustad ya zo ya riƙa fitar musu da siffa, su kuma su rubuta a jikin kowane jirgi da kowace jarida: ƙirar Ustad Sumar.

"Sunanka zai kai har Maskat, can ƙetaren teku," ya ce.

"Siffar kun riga kun samu," in ji Sumar. "Yanzu sunan kuke so ku zuba a mazubi."

"Ustad, hannu na miƙo maka."

"Na gani. Ɗaya hannun nake nema."

Da Hurbai ta ji ya ƙi, kwana biyu ba ta yi masa magana ba, rana ta uku ta yi ta da yawa. Gaskiyarta ne, don Balochawa sun daina zuwa. Wanda zai sami siffar Durdana a mako biyu, ba zai jira wata shida ba. Aikin rumfa ya koma facin tsofaffin jirage.

Sai Sumar ya kewaye rumfar da tabarmi ta ko'ina, ya fara wani jirgi da ba wanda ya sa shi. Ragowar katakon da ya daɗe yana ɓoyo ya fito da shi. Ba ya barin kowa ya shiga, abinci ma a waje Hurbai ke ajiye masa. Ya ƙudura zai yi wanda zai wuce Durdana da duk 'ya'yan da aka haifa masa a shagon Seth. Ya sa masa suna Gulnar. Da aka janye tabarmi, tsofaffin matuƙa suka kewaye shi suna girgiza kai, don ya fi Durdana tsawo da sirantaka, irin jirgin da in ba gwani ba ne a kai zai kife da mutane.

Gwanin kuwa ɗaya ne a garin, wato Bachal. Sumar ya gwada wasu biyu, ɗaya ya kusa kifar da shi, ɗaya ya ce shi yana da iyali. Hurbai ce ta je wajen matar Bachal, suka ƙulla abin da suka ƙulla. Ana saura 'yan kwanaki tsere Bachal ya bayyana a bakin ruwa, bai yi sallama ba, ya kewaya Gulnar yana bugun cikinsa da tafin hannu.

"An ce ka yi abin kashe mutane," ya ce.

"Ban kira ka ba."

"Ni ma ba wajenka na zo ba. Wajensa na zo."

Ranar tsere Sumar ya hau rufin wani shago don ya ga komai. Gulnar ya fita kamar an harba shi, Bachal ne a kansa. Kafin a kai rabin hanya ya bar kowa, sai jirgin faiba ɗaya, cikin masu kama da Durdana, da ke manne da shi. Ruwa ya fara janyewa a lokacin. Da suka iso tuta, Bachal ya buɗe ya yi kewaye mai faɗi, na faiban kuwa ya matse ya bi ta jikin tutar, ya fito a gaba. Gulnar ya biyo shi yana cin tazarar kaɗan kaɗan, mutane na ihu a tasha, amma hanya ta ƙare kafin tazarar ta ƙare. Da tsawon mutum ɗaya aka riga shi.

Lasifika ta faɗi komai daidai a wannan karo. Na ɗaya ƙirar kamfanin Seth Allahdino, na biyu ƙirar Ustad Sumar. Mutane suka yi ta zuwa suna cewa ai duka biyun nasa ne. Sumar ya sauko daga rufin. Ya tsaya a bakin ruwa har Bachal ya sauko, jiƙe sharkaf, tafin hannunsa ya tsage da igiya.

Suka dubi juna.

"Faɗi," in ji Bachal. "Na ga tana yawo a bakinka."

"Ban ce komai ba."

"Laka ce a jikin tutar. Jirginka ya fi nasu shiga ruwa. Da na matse da mun kafe, a yi mana dariya har baɗi."

"Na ga kamar da sauran ruwa."

"Daga kan rufi ka gani?"



"Allah ya isa tsakanina da kai, Ƙaguwa," in ji Bachal a hankali, ba da faɗa ba. Ya naɗe hannunsa da rawani ya tafi.

Matuƙan da suka san wurin sun rabu biyu a kan ko laka Bachal ya guje wa ko da gangan ya bari aka riga shi, har yau in an tayar da ita a shagon shayi ba a gamawa. Gulnar dai wani mutumin Keti Bandar ya saye shi, ya sa masa inji. Shi ne jirgi na ƙarshe da Sumar ya ƙera daga tushe. Idonsa ya fara hazo, ya koma gyaran ƙananan kwale-kwale. Sunansa ya riƙa raguwa a jarida shekara bayan shekara, yayin da tsofaffin jiragensa ke barin ruwa, har ya daina fitowa.

Bachal ya rasu da ciwon ƙirji wani lokacin sanyi. Sumar yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma bai yarda an karɓe shi ba har kabari. Bayan addu'ar arba'in sai ga 'ya'yan mamacin sun turo Durdana a kan gungume har gaban rumfa. Babban ya ce wasiyyar babansu ce, a kai wa Ustad, bai faɗi dalili ba.

Sumar ya daɗe yana kallon jirgin. Sannan ya ɗauko kurfi ya soka a ƙarƙashin fatar faiban ya ɓamɓaro. Katakon da ke ciki ya yi baƙi, ya yi laushi, yatsa ma yana shiga. Ruwa ya daɗe da samun hanya ya kwanta tsakanin fata da itace.

"Me yake nufi?" ya tambayi Hurbai da ta kawo masa shayi. "Haƙuri yake ba ni, ko so yake in ga ni na jawo da ban gyara masa ba?"

"Mutumin nan ya mutu, Baban Zulekha. Ka bar shi ya kwanta."

"Ai shi ne bai bar ni ba."

Ya ja jirgin ƙarƙashin tamfol. Sauran shekarunsa a kansa suka ƙare, yana cire ruɓaɓɓen katako yana sa sabo in ya samu, da lalube fiye da gani. 'Ya'yan Bachal sukan biyo su taya shi ɗaga mai nauyi, yana karɓar taimakon yana bin hannuwansu da ido. Ya gama gefe ɗaya, ya fara ɗayan, sannan ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Durdana bai sake taɓa ruwa ba.